CIBIYAR KEKE: MU KULA DA ITA KAFIN TA TSAYAR DA MU A HANYA

 

A wata damina da ta wuce mun kai ziyara wani ƙauye da ke ƙetaren rafi. Can muka sadu da wani magidanci wanda ya ba mu labarin abin da ya same shi. Ɗansa ya kwana da zazzaɓi mai zafi, da asuba ya goya shi a bayan keke zuwa asibitin sha-ka-tafi. Ba su kai rabin hanya ba sai feda ta cije, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Dole ya ajiye keken a gidan wani, ya saɓa yaron a kafaɗa. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a keke ba ta zama ta awa uku a ƙafa. An gode Allah yaron ya sami sauƙi. Da muka je tare aka buɗe keken, sai ga 'ya'yan boris sun farfashe, tsatsa ta cika wurin, babu ko ɗigon giris. Muka tambaye shi ko keken bai nuna wata alama ba kafin ranar. Ya ce, "Ai ya fi wata biyu yana kuka, ni kuwa ina cewa sai bayan girbi."

Yawancinmu haka muke. Idan taya ta sace muna gani nan take, mu kai wa mai faci. Idan birki ya ƙi kamawa muna tsorata, mu gyara. Amma wurin da feda ke juyawa a rufe yake, ba ma ganin cikinsa, don haka muna mantawa da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin hawa babur ya ƙaru ƙwarai, gidaje da yawa sun jawo tsofaffin kekunansu daga bayan rumbu. Masu bishara, malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, 'yan makaranta da mata masu zuwa kasuwa, duk da keke suke dogara. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a kan wannan ɓoyayyen wuri, da yadda kowa zai iya kula da shi a gida.

MECE CE CIBIYAR KEKE?

Ku dubi ƙasan gangar jikin keke, inda manyan bututun ƙarfe suka haɗu. Akwai wani gajeren bututu a kwance, feda ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Wannan wuri ne za mu riƙa kira cibiyar keke. Dukan ƙarfin ƙafar mai tuƙi ta nan yake bi kafin ya kai ga sarƙa, daga sarƙa zuwa tayar baya.

A kekuna irin namu na ɗaukar kaya, wato Raleigh na Ingila, Phoenix na ƙasar Sin, Hero na Indiya da makamantansu, ga abubuwan da ke cikin cibiya:

Sanda. Gajeren ƙarfe ne mai ƙarfi wanda ya ratsa ta tsakiya, wasu masu gyara suna ce masa aksul. Tana da kafaɗa biyu masu santsi, inda 'ya'yan boris ke gudu.

'Ya'yan boris. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne masu sheƙi. Guda 11 ne a kowane gefe, duka 22. Girman kowane ɗaya kwatan inci ne, wato milimita 6.35.

Kofuna biyu. Su ne suke riƙe 'ya'yan boris. Na dama, wato gefen sarƙa, a ɗaure yake tam, ba a cika taɓa shi ba. Na hagu shi ne ake matsawa ciki ko waje domin a daidaita.

Zoben kulle. Yana bayan kofin hagu, aikinsa shi ne ya hana kofin motsi bayan an daidaita shi.

Hannun feda biyu. Su ne dogayen ƙarafan da feda ke maƙale a bakinsu. Kowane hannu an kafe shi a jikin sanda da wata gajerar ƙusa mai noti, wadda masu gyara ke kira kotafin.

Bari mu ga yawan aikin da wannan wuri yake yi. Tayar babban keke mai inci 28 takan ci kusan mita 2.2 a juyi ɗaya. Idan aka taka feda ta zagaya sau ɗaya, tayar baya takan juya kamar sau biyu da rabi, wato mita biyar da rabi ke nan. Saboda haka a tafiyar kilomita 10 sanda za ta juya kusan sau 1,800. Wanda ke zuwa kasuwa ya dawo ya ninka wannan. Kuma duk lokacin da muka miƙe tsaye a kan feda domin hawan tudu da buhun masara a baya, nauyinmu duka yana sauka a kan waɗannan 'yan ƙwallaye ne, waɗanda ba su kai ƙwayar gyaɗa girma ba. Abin da ke raba ƙarfe da ƙarfe a wurin shi ne ɗan siririn giris kawai.

ABUBUWAN DA KE KASHE TA

Na farko, ruwa. Cibiya ba ta fi kamar santimita 30 daga ƙasa ba, tsawon rular 'yan makaranta ke nan. Duk rafin da ya kai mana tsakiyar ƙwauri ya riga ya kai gare ta. Ruwa yana shiga ta gefen sanda, ya wanke giris, ya bar laka. Akwai kuma wata hanyar da mutane ba su lura da ita ba. Idan aka bar keke a waje cikin ruwan sama, ruwa yana bin bututun da ke ƙarƙashin sirdi ya gangara, kuma cibiya ce ƙarshen gangaren. Nan yake kwanciya har ya haifi tsatsa. Yaran da ke kai keke rafi su nutsa shi domin ya yi ƙyalli, ɓarna suke yi ba su sani ba.

Na biyu, ƙura da yashi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cusa ƙura a kowace kafa. Idan ƙura ta gauraya da tsohon giris sai ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita. Maimakon giris ya kare ƙarfe, sai ya riƙa cin sa a hankali.

Na uku, rashin daidaito. Idan kofin hagu ya saki, sanda tana girgiza, kowane taki yana zama kamar bugun guduma a kan 'ya'yan boris. Idan kuma an matse shi fiye da kima, ƙwallayen suna haƙa rami a cikin kofi. Duka biyun ɓarna ce.

Na huɗu, man da bai dace ba. Za mu dawo kan wannan a gaba.

YADDA ZA MU GANE AKWAI DAMUWA

Wannan gwaji bai kai minti biyar ba, kuma ba ya bukatar kayan aiki. Ya kamata a yi shi sau ɗaya a wata.

1. Ku tsaya a gefen keke, ku kama hannun feda da hannu, ba fedar kanta ba. Ku ja shi zuwa gare ku, ku tura shi wajen jikin keke. Idan kun ji ƙas-ƙas, kuma hannun ɗaya gefen yana motsi tare da shi, to boris ya saki.

2. Ku sa hannayen feda a kwance, ɗaya gaba ɗaya baya. Ku danna su duka biyu ƙasa, sa'an nan ku juya su ku sake dannawa. Idan hannu ɗaya yana motsi shi kaɗai ɗayan yana tsaye, wannan ba boris ba ne, kotafin ne ya saki ko ya cinye. Gyaransa ya fi sauƙi, ba sai an buɗe cibiya ba.

3. Ku sauke sarƙa daga kan babban faranti mai haƙora, ku juya feda a hankali, ɗaya hannun yana dafe da jikin keke. Cibiya mai lafiya tana juyawa shiru, sumul. Idan kun ji gurzawa kamar ana niƙa tsaki, ko tana tafiya tana cijewa, to giris ya ƙare ko datti ya shiga.

4. Ku juya kowace feda ita kaɗai. Wani lokaci kukan daga cikin feda yake fitowa, mu kuwa mu ɗora wa cibiya laifi.

5. Ku duba gefen sanda. Idan akwai jan ruwa ko jar ƙura tana fitowa, tsatsa ce daga ciki. Kada a jira.

KAYAN DA ZA A TANADA

Guduma, sufana mai daidaitawa, tsohon sukudireba ko ƙarfe marar kaifi, guntun bututun ƙarfe ko katako mai rami wanda zai kai daga ƙasa zuwa hannun feda, tsummoki masu tsabta, tsohon buroshin haƙori, gwangwani da ɗan kananzir, tire ko faifai, sababbin 'ya'yan boris 22, kotafin biyu na ajiya, da giris.

Wajen sayen 'ya'yan boris a yi hankali, gama ba duka girmansu ɗaya ba. Na cibiya da na tayar baya kwatan inci ne, amma na tayar gaba sun fi ƙanƙanta, na wuyan keke kuma sun fi su ƙanƙanta. Ku tafi kasuwa da tsoho ɗaya a aljihu ku gwada. Haka ma kotafin, akwai mai kaurin milimita 9, akwai mai 9.5. Idan kofi za ku saya, ku tafi da tsohon. Tsofaffin Raleigh da aka ƙera a Nottingham ta Ingila suna da tiredi, wato zaren da kofi ke bi, guda 26 a kowane inci, yawancin sauran kekuna kuwa 24 ne. A ido kamar ɗaya suke. Idan aka tilasta wanda ba nasa ba, tiredin jikin keke zai lalace, wannan kuwa babbar asara ce.

MAGANAR GIRIS

Giris mai ne da aka haɗa da wani irin sabulu domin ya yi kauri, ya zauna inda aka sa shi. Irin wanda masu gyaran mota da babur suke sa wa boris ya isa. Ƙaramin gwangwani ɗaya zai yi wa kekuna da yawa. Ku saya a rufe idan da hali, domin wanda ake ɗiba a buɗe a bakin hanya sau da yawa ƙura ta riga ta shiga. Ku murza kaɗan tsakanin yatsu biyu. Idan kun ji yashi, ku bar shi.

Mun sha ganin abubuwan da mutane ke sawa a madadin giris. Ga dalilin da ya sa ba su dace ba:

Man gyaɗa, manja da man kaɗanya. Suna sa santsi na 'yan kwanaki, daga baya iska da zafi su sa su yi danƙo, su kama ƙura, su daskare.

Baƙin mai da aka juye daga inji. Ya riga ya gama aikinsa, cike yake da dattin inji da garin ƙarfe. Ga shi ruwa-ruwa, yana tsiyayewa ya bar wurin a bushe.

Man shafawa na jiki. Yana narkewa da zafin rana ya zube.

Wasu tsofaffin kekuna suna da ɗan rami mai murfi a saman cibiya, na ɗiga mai. Idan naku yana da shi, za a iya ɗiga sabon man inji mai tsabta, ɗigo kaɗan, a rufe murfin. Wannan taimako ne kawai, ba ya fitar da dattin da ke ciki. Sai an buɗe an wanke.

YADDA AKE AIKIN, MATAKI MATAKI

Ku zaɓi wuri mai inuwa, mai tsabta, nesa da murhu. Ku shimfiɗa buhu ko tsohon zane. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi wanda ya iya ya zauna kusa da shi a karo na farko.

1. Cire marufin sarƙa idan akwai, a sauke sarƙa. Kafin a taɓa kotafin, a lura da gefen da notin kowane ɗaya yake kallo.

2. Cire kotafin. A kwance noti har ya yi daidai da bakin ƙusar. A sa bututun ƙarfe ko katako mai rami a ƙarƙashin hannun feda, ya tokare da ƙasa, yadda kan ƙusar zai faɗa cikin ramin. A buga noti da guduma da ƙarfi sau ɗaya ko biyu. Ƙananan bugu masu yawa lanƙwasa ƙusar suke yi. Kada a buga ba tare da tokari ba, domin bugun zai sauka a kan 'ya'yan boris ya yi wa kofi tabo. Idan ƙusar ta motsa, a cire noti da washa, a fitar da ita, a zare hannun feda. Haka za a yi wa ɗaya gefen.

3. Kwance zoben kulle. Yana gefen hagu. A sa bakin tsohon sukudireba a ɗaya daga cikin tsagoginsa, a buga a hankali, ya juya saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya.

4. Kwantar da keke, gefen hagu yana sama, tire yana ƙarƙashin cibiya. A kwance kofin hagu a hankali, ana danne sanda da yatsa. A kwashe 'ya'yan boris na wannan gefe. A zare sanda, a lura da kyau: gefe ɗaya ya fi tsawo, shi ne na wajen sarƙa. Sauran ƙwallayen za su zubo cikin tire. A ƙirga su.

5. A bar kofin dama a wurinsa, sai dai idan ya lalace. A tabbata dai a ɗaure yake. Ku tuna cewa a irin waɗannan kekuna tiredinsa a juye yake: yana kwancewa ta yadda hannun agogo ke tafiya, yana ɗauruwa ta saɓanin haka. Mutane da yawa sun wahala a nan, suna ƙara ɗaurewa suna tsammani kwancewa suke yi.

6. Wanki. A wanke sanda, kofin hagu da zobe cikin kananzir da buroshi. A naɗa tsumma a yatsa ko a kara a goge cikin bututun da cikin kofin dama har tsumma ya fito fes. A bar kome ya bushe sarai, gama kananzir yana narka sabon giris. Kada a yi amfani da fetur, tururinsa yana kama wuta daga nesa.

7. Dubawa. A fito da kayan cikin haske. A kafaɗar sanda da cikin kofi za a ga siririn layi mai sheƙi inda ƙwallaye ke bi. Wannan ba laifi. A bi layin da bakin biro. Idan biro ya wuce sumul, kayan suna da sauran rai. Idan yana faɗawa cikin ƙananan ramuka kamar zanzana, ko akwai tsagewa, a canja. Giris ba ya cike rami. A mirgina sanda a kan tebur a ga ko ta lanƙwashe.

8. Sababbin ƙwallaye. A canja su duka a lokaci ɗaya, daga ƙunshi ɗaya. Kada a gauraya tsofaffi da sababbi, domin tsofaffin sun ɗan ragu, sababbin ne kaɗai za su ɗauki nauyi, su lalace da wuri. Idan kun tarar ƙwallayen suna cikin wani zoben ƙarfe mai riƙe su, sau da yawa za ku ga ba su kai 11 ba. Za a iya yar da zoben a sa 11 warwara, nauyi zai fi rabuwa a tsakaninsu.

9. Sa giris. A lakato da yatsa mai tsabta a shafe cikin kofin dama sosai, yadda ƙwallo zai nutse rabi. A jera guda 11, giris zai riƙe su. Za a ga ɗan gurbi ya rage. Haka ya kamata, kada a cusa na 12. A shafa wa kafaɗun sanda giris, a zura ta a hankali, dogon gefe wajen sarƙa.

10. Garkuwa. A yanko leda mai kauri daga jikin gorar ruwa ta roba, a naɗe ta kamar bututu, a zura cikin cibiya ta kewaye sanda ba tare da ta taɓa ƙwallaye ba. Za ta tare tsatsa da dattin da ke gangarowa daga bututun sirdi.

11. A sa giris da ƙwallaye 11 a kofin hagu, a shafa kaɗan a tiredinsa, a fara ɗaura shi da hannu kawai. Idan ya cije tun farko, a dawo da shi a sake. Kada a tilasta da sufana.

12. Daidaitawa. Nan ne zuciyar aikin, a yi haƙuri. A ɗaura kofin har sanda ta fara nauyi, sa'an nan a dawo da shi baya kaɗan. A sa zoben kulle a ɗaure, ana riƙe da kofin kada ya bi shi. A juya sanda da yatsu, a girgiza ta sama da ƙasa. Abin da muke nema shi ne ta juya sumul, kuma babu girgiza ko kaɗan. Ɗaure zobe yakan ɗan jawo kofin waje, don haka kada ku yi mamaki idan girgiza ta dawo. A sassauta zobe, a matsa kofi kaɗan, a sake ɗaurewa. Ko gwanaye sukan yi sau uku ko huɗu.

13. A mayar da hannun dama, a sake girgizawa, domin dogon hannu yana tona abin da yatsu ba su ji ba. Idan aka ɗaga hannun aka sake shi, ya kamata ya gangaro da nauyin kansa.

14. Mayar da kotafin. Gefensa mai faɗi shi ne ke haɗuwa da gefen sanda mai faɗi. Dole su biyun su saɓa wa juna: idan hannaye suna kwance, notin ɗaya yana sama, na ɗayan yana ƙasa. Idan ba haka ba, fedodin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. A sa tokari, a buga ƙusar ta shiga da guduma, sa'an nan a ɗaure noti. Kada a ce noti ne zai jawo ta, tiredinsa ƙarami ne, zai tsinke. Kada kuma a sa ƙusar kafinta a madadin kotafin.

15. A goge giris da ya fito waje, gama ƙura yake kira. A mayar da sarƙa. Bayan kwana biyu ko uku ana hawa, a sake buga kotafin, a ƙara ɗaure noti, a gwada girgiza.

GARGAƊI SABODA YARA

'Ya'yan boris suna da sheƙi, yara ƙanana suna son sa su a baki, a hanci ko a kunne. A ƙirga tsofaffin a binne su. Kada a zuba kananzir a kwalbar lemo ko a kofin shan ruwa, domin yara sukan ɗauka ruwa ne su sha. Idan hakan ya faru kada a sa yaron amai, kada a ba shi manja, a kai shi asibiti nan da nan. Kada a zubar da dattin kananzir kusa da rijiya ko rafi. A bar shi ya kwanta a gwangwani mai murfi, a tsiyaye na sama domin wankin gaba.

KEKUNA NA ZAMANI

Tun shekarun 1990 kamfanoni suka koma sa cibiya rufaffiya, wadda sanda da boris suke haɗe cikin gwangwani ɗaya. Kekunan gwanjo masu giya da yawa irinta ke gare su. Za a gane su da cewa babu kotafin, babu zoben kulle a hagu. Irin wannan tana daɗewa, ruwa da ƙura ba sa shigarta da sauƙi, amma ba a buɗe ta, ba a ƙara mata giris. Idan ta fara girgiza ko gurzawa sai a canja ta ɗungum. Cire hannun fedarta yana bukatar ƙarfe na musamman. Kada a buga da guduma, a kai wa mai gyaran da ke da kayan. Wanda zai sayi keke domin ƙauye mai nisa da gari ya yi tunanin wannan: tsohon samfuri ya fi neman kulawa, amma ana iya gyara shi a gindin bishiya.

YAUSHE ZA A YI?

Shawararmu ita ce sau biyu a shekara ga keken da ke aiki kullum. Na farko a ƙarshen damina, wajen Oktoba, kafin a fara jigilar amfanin gona. Na biyu a ƙarshen hunturu, wajen Maris, kafin ruwa ya sauka. Wanda ba zai iya sau biyu ba, kada ya bar na ƙarshen damina ya wuce shi. Idan kuma keke ya nutse a ruwa har ya rufe cibiya, a buɗe cikin makon nan, kada a jira lokaci.

Tsakanin waɗannan lokatai, a saɓa keke a kafaɗa wajen ƙetare rafi mai zurfi. A ajiye shi a ƙarƙashin rufi. A wanke shi da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kwara masa ruwa. Idan akwai ɗan rami a ƙasan cibiya, na fitar ruwa ne, a riƙa tsokace shi da tsinke kada ya toshe. A kan tudu mai tsayi da kaya mai nauyi, a sauka a tura, ba abin kunya ba ne.

Idan aka yi a kan lokaci, abin da za a kashe kuɗin ƙwallaye ne da ɗan giris. Idan aka yi jinkiri, sai an sayi sanda da kofuna, ga kuɗin mai gyara, ga ranakun kasuwa da za su wuce. Idan aka ci gaba da hawa da kofi a sake har tiredin jikin keke ya cinye, wani lokaci keken ne gaba ɗaya ya tashi aiki.

MU YI TARE

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba lallai kowane gida ya sayi sufana da gwangwanin giris ba. Matasa ko zumuntar mata za su iya haɗa kuɗi su sayi kayan aiki ɗaya, a ba mutum ɗaya amintacce ajiya, a rubuta sunan duk wanda ya ara. A sa rana ɗaya a Oktoba, ɗaya a Maris, kowa ya kawo kekensa. A gayyaci mai gyaran keke na kusa, a biya shi ladan yininsa ya koyar. Ba cinikinsa za a kashe ba, gama manyan gyare-gyare suna nan suna jiransa. A bar 'yan mata su riƙe sufana su ma, tun da suna hawa zuwa makaranta da rijiya kamar kowa. A fara da keken da ƙauye ke dogara da shi idan rashin lafiya ta taso da dare.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Kekuna nawa ne a ƙauyenmu suke jingine ba a hawa? Me ya tsayar da kowane ɗaya?

2. Idan wani ya kamu da ciwo yau da dare, keken wa za a ɗauka? Yaushe rabon da a buɗe cibiyarsa?

3. Wane irin mai muka saba sa wa kekunanmu? A ina za mu sami giris mai tsabta kusa da mu?

4. Su wane ne za su koyi wannan aiki a bana, wa zai riƙe kayan aikin?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kun gama karanta wannan, ku fita waje ku kama hannun fedar kekenku ku girgiza. Idan ya amsa, ku sa ranar buɗe shi tun yau.